Watanni huɗun da ƙarfe ya gagari Truman

Ranar 9 ga Afrilun 1952, manyan masana'antun ƙarfe na Amurka sun wayi gari a hannun gwamnati. Wanda ya leƙa ɗaya daga cikinsu a Pittsburgh ko Gary ko Youngstown da safiyar nan ba zai ga wani abin a-zo-a-gani ba. Babu soja a bakin ƙofa. Manajan jiya shi ne na yau. Tanderun narka tama da aka fara kashewa saboda shirin yajin aiki, an shiga sake hura su. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tutar Amurka da aka ce a kafa, da takardar sanarwa da aka liƙa. Sakataren Kasuwanci, Charles Sawyer, ya aika wa shugabannin kamfanonin saƙon tangarahu cewa daga yanzu da sunan gwamnati za su riƙa tafiyar da masana'antunsu.

Da ƙarfe goma da rabi na daren 8 ga Afrilu ne Shugaba Harry Truman ya fito a rediyo da talabijin ya sanar da wannan mataki, saura awa ɗaya da rabi ma'aikata fiye da rabin miliyan su ajiye aiki. Hujjarsa ɗaya ce: 'ya'yan Amurka suna fagen daga a Koriya, kuma tanka da igwa da harsashi da jirgi duk da ƙarfe ake yin su. Kafin sha biyun dare lauyoyin kamfanonin sun riga sun ƙwanƙwasa wa wani alƙali ƙofa a gidansa da ke Washington.

Rigimar da ta biyo baya ta kai Kotun Ƙoli cikin ƙasa da wata biyu, kuma har yau ɗaliban lauya a Amurka da ita ake buɗe musu darasin ikon shugaban ƙasa. Amma ba za a fahimce ta ba sai an san halin da ƙasar ta jefa kanta tun shekara biyu kafin nan.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Amurka tana da mutum kusan miliyan 12 cikin kaki. Iyaye da mata suka matsa a maido musu da nasu, aka sallami sojoji da gaggawa, har ya zamana a tsakiyar 1950 ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Truman mutum ne mai riƙon aljihu, ya tsaya kai da fata cewa kasafin tsaro ba zai wuce wajen dala biliyan 13 ba. Lissafin shi ne, tunda Amurka ce kaɗai mai bom ɗin nukiliya, ba sai ta ciyar da runduna mai yawa ba.

A 1949 lissafin ya rushe. Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bom ɗin a ƙarshen Agusta, kuma ranar 1 ga Oktoba Mao ya ayyana mulkin kwaminisanci a Sin. Truman ya sa aka sake duba manufofin tsaro baki ɗaya. Paul Nitze, wani jami'i a ma'aikatar harkokin waje ƙarƙashin Dean Acheson, shi ya jagoranci rubuta takardar sirrin da aka fi sani da NSC-68, aka miƙa ta a Afrilun 1950. Abin da ta ce a taƙaice shi ne Masko na neman mallake duniya, kuma tallafin tattalin arziki irin na Shirin Marshall ba zai isa ba, sai Amurka ta tara makamai da sojoji kamar mai shirin yaƙi, ta kuma zauna a haka har sai abin da hali ya yi. Da gangan marubutan suka ƙi saka adadin kuɗi a ciki, domin sun san da wa suke magana. Truman ya karanta, ya ce a je a lissafa masa abin da za a kashe, takarda ta kwanta.

Ranar 25 ga Yunin 1950 sojojin Kim Il-sung, shugaban Koriya ta Arewa, suka tsallaka layi na 38 da ya raba Koriya biyu, suka auka wa Koriya ta Kudu. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a kai wa Kudu ɗauki, abin da ya yiwu kawai saboda wakilin Sobiyet yana ƙaurace wa zaman a kan rigimar kujerar Sin, babu mai hawa kujerar na-ƙi. Truman ya tura soja bai nemi Majalisar Dokoki ta ayyana yaƙi ba. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi ko za a iya kiran abin aikin 'yan sanda na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce haka ne. A riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

Karon farko ya tona asirin tsumulmular shekara biyar. Ranar 5 ga Yuli, kusa da Osan, wata ƙaramar runduna ta mutum ɗari biyar da 'yan kai, waɗanda aka kwaso daga zaman gadi a Japan, ta tare hanyar tankokin T-34 ƙirar Sobiyet. Suka harba musu rokokin kafaɗa ragowar yaƙin baya, tankokin suka wuce abinsu. Kafin yamma Amurkawan sun watse cikin gonakin shinkafa.

Daga nan bakin aljihu ya buɗe. Ranar 8 ga Satumba Truman ya sa hannu a dokar da ta ba shi ikon tilasta wa kamfanoni su fara cika odar gwamnati kafin ta kowa, ya raba kayan masarufin masana'antu, ya kuma ƙayyade farashi da albashi. A ƙarshen watan ya amince da NSC-68. Da sojojin Sin suka shigo yaƙin suka fatattaki rundunar Janar MacArthur daga arewa a ƙarshen Nuwamba, ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 16 ga Disamba, ya kafa ofishin tattara ƙarfin ƙasa domin tsaro, ya ɗauko shugaban kamfanin General Electric, Charles E. Wilson, ya ɗora shi a kai. A ƙarshen Janairun 1951 aka daskarar da farashi da albashi. Cikin shekara biyu sojoji suka haura miliyan uku da rabi, kuɗin tsaro ya doshi dala biliyan 50 a shekara. Acheson da kansa ya amsa daga baya cewa Koriya ce ta cece su.

Abin lura shi ne, kaso mai tsoka na wannan dukiya bai nufi Koriya ba. An tura ƙarin manyan rundunoni huɗu Turai ƙarƙashin NATO, an naɗa Eisenhower kwamandanta, an gina sansanonin jiragen sama daga Maroko har Greenland, an faɗaɗa masana'antun nukiliya, an shiga tara ma'adinai a rumbu. Wannan tara ma'adinai ya taɓa har ƙasarmu. Kolumbayit, baƙin yashin da 'yan kuza a tsaunukan Jos suka daɗe suna zubarwa a matsayin dusa, ya zama abin nema saboda ana haɗa shi cikin ƙarfen injin jirgin jet mai jure zafi. A 1952 gwamnatin Amurka ta ninka kuɗin da take sayensa, kuma a lokacin Nijeriya ce ke samar da mafi yawansa a duniya. Aka koma ana tone tsofaffin tarin ƙasa a wajen Bukuru, har zuwa tsakiyar shekarun 1950 da rumbun Amurka ya cika, kasuwar ta faɗi.

Ke nan a 1952 Amurka tana cikin wani hali wanda dokokinta ba su saba da shi ba. A hukumance ba ta yaƙi da kowa, amma tana binne sojoji. Tun Yulin 1951 ake zaman sulhu, aka fara a Kaesong aka koma Panmunjom, fagen daga ya tsaya cik a kan tsaunuka, ana ta ruwan harsasan igwa ba gaba ba baya. A gida kuwa mutane na sayen mota da firiji da talabijin, ba su ga dalilin ɗaure ciki ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin ƙwadago sun yi alkawarin ba za su yi yajin aiki ba har a ci nasara. Yanzu wa zai yi irin wannan alkawari a kan Yaƙin Cacar Baka, wanda babu mai iya faɗin ranar ƙarewarsa?

Yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe da kamfanoni ta ƙare ranar 31 ga Disamban 1951. Shugaban ƙungiyar, Philip Murray, haifaffen Sikotlan da ya fara aikin haƙar kwal tun yana yaro, ya nemi ƙarin albashi. Kamfanonin suka ƙi ko tayawa. Matsayinsu shi ne, tunda gwamnati ce ke riƙe da farashi, sai ta faɗi nawa za ta bari su ƙara a kan tan ɗin ƙarfe kafin su yi maganar albashi. Truman ya roƙi Murray ya dakata, ya miƙa batun ga hukumar daidaita albashi. Murray ya ɗage yajin, ya sake ɗagewa. Ranar 20 ga Maris hukumar ta ba da shawarar ƙarin da ya kai santi 26 a awa idan an haɗa da alawus, ga ma'aikacin da ladansa bai kai dala 2 a awa ba, tare da sharaɗin duk wanda aka ɗauka aiki ya shiga ƙungiya. Ƙungiya ta karɓa. Kamfanoni suka ce in haka ne sai an ba su ƙarin dala 12 a kowane tan. Hukumar farashi ta ce ribar da suke samu ta ishe su, doka ba ta ba su fiye da wajen dala 3 ba.

Wilson, ɗan kasuwa cikin gwamnati, ya ɗauka ya samu amincewar Truman a sassauta wa kamfanoni. Da ya ga an juya masa baya, ya ajiye aiki a ƙarshen Maris. A makon ne kuma Truman ya sanar ba zai sake takara ba. A Fabrairu ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 22 cikin ɗari kaɗai ke goyon bayansa.

A nan ne, a ganina, zuciyar lamarin take, domin Truman ba mutumin da tura ta kai wa bango ba ne kamar yadda ya nuna a jawabinsa. Yana da dokar Taft-Hartley ta 1947, wadda ta ba shi damar zuwa kotu a hana yajin aiki na kwana 80. Yana da dokar ɗaukar soja ta 1948, mai sashen ƙwace masana'antar da ta ƙi cika odar tsaro. Yana iya zuwa Majalisa ya nemi sabuwar doka. Yana iya barin farashi ya tashi. Kowace ƙofa dai tana da ƙaya. Taft-Hartley doka ce da ya hau wa kujerar na-ƙi, Majalisa ta tsallake shi ta zartar, ya kuma ci zaɓen 1948 da zaginta. Amfani da ita a kan ma'aikata a shekarar zaɓe tamkar yanke reshen da jam'iyyarsa ke zaune a kai ne. Ya kuma kawo hujjar da ba za a raina ba: ƙungiyar ta riga ta jira kwana 99 don kanta, ina adalcin a ƙara mata 80? Dokar 1948 kuwa lauyoyinsa suka ce tana da dogon turanci. Sakataren Tsaro Robert Lovett ya gargaɗe shi cewa duk tsaikon ƙarfe zai taɓa harsasai. Sai ya zaɓi hanyar da babu doka a ƙarƙashinta, ya dogara da muƙaminsa na shugaban ƙasa kuma babban kwamandan askarawa. Washegari ya rubuta wa Majalisa cewa in tana da wata dabara ta kawo. Majalisa ta yi ta surutu, ba ta zartar da komai ba.

Kamfanonin ba su yi sanya ba. Clarence Randall, shugaban Inland Steel, ya hau rediyo da talabijin ya zargi Truman da biyan bashin siyasa ga 'yan ƙwadago. Jaridu suka yi ca. Truman ya ƙara wa wutar fetur ranar 17 ga Afrilu: an tambaye shi ko zai iya ƙwace jaridu da gidajen rediyo su ma, ya amsa cewa a irin wannan hali dole shugaba ya yi abin da ya fi zama alheri ga ƙasa. Editoci ya faɗa wa haka a fuskarsu.

Amma ɓarnar da ta fi girma a kotu aka yi ta, a gaban Alƙali David Pine. Lauyan gwamnati, Holmes Baldridge, ya so ya tsaya a kan cewa kamfanoni na iya neman diyya daga baya, don haka babu buƙatar umurnin gaggawa. Pine ya ƙi sakin sa, ya yi ta jan sa zuwa tushe. Shin idan shugaba ya ce akwai ta-ɓaci, kotu na iya duba maganar? Lauya ya ce a'a. To me ke taka masa birki? Ya ce abu biyu, akwatin zaɓe da tsigewa. Alƙali ya sake tambaya, wato kundin tsarin mulki ya iyakance Majalisa, ya iyakance kotuna, amma bai iyakance shugaba ba? Baldridge ya ce haka suka karanta sashe na biyu. Maganar ta yi nauyin da sai da Fadar White House ta nemi nisanta kanta da ita, amma bakin alƙalami ya bushe. Ranar 29 ga Afrilu Pine ya ce ƙwacen haramun ne.

Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar ranakun 12 da 13 ga Mayu. John W. Davis, dattijo ɗan shekara 79 wanda ya yi wa jam'iyyar Truman takarar shugaban ƙasa a 1924, shi ya tsaya wa kamfanoni. Truman yana da dalilin sakin jiki: alƙalai tara ɗin nan, huɗu shi ya naɗa, biyar Roosevelt, shugaban da ya gada. Ranar 2 ga Yuni suka kayar da shi, shida da uku. Cikin shidan har da Tom Clark, tsohon ministan shari'arsa.

Alƙali Hugo Black ya rubuta hukuncin a gajarce. Ikon shugaba daga dokar Majalisa yake fitowa ko daga kundin tsarin mulki, kuma babu ɗaya a nan. Ko da fagen daga ya faɗaɗa a zamanin yau, bai kai har cikin masana'antar farar hula a Ohio ba. Hana tsaikon aiki hurumin masu yin doka ne. Felix Frankfurter ya tono tarihi ya nuna cewa a 1947, lokacin muhawarar Taft-Hartley, an kawo shawarar ba shugaba ikon ƙwace a lokacin ta-ɓaci, Majalisa ta yi watsi da ita ido buɗe.

Ra'ayin da ya rayu kuwa na Robert Jackson ne. Ya kasa ikon shugaba gida uku: yana kan ganiyarsa idan Majalisa ta ba shi izini, yana cikin duhu-duhun magariba idan ta yi shiru, yana ƙasa warwas idan ya saɓa wa abin da ta nufa. Truman a gida na uku ya faɗa. Jackson ya ce kundin ya naɗa shugaba kwamandan sojan ƙasa da na ruwa, bai naɗa shi kwamandan ƙasar da masana'antunta da mutanenta ba. Ya kawo misalin Jamus, inda sashe na 48 na kundin Weimar ya ba shugaba ikon ta-ɓaci, aka yi ta amfani da shi har Hitler ya zo ya same shi a shimfiɗe. Ba a littafi ya karanto wannan ba, shi ne babban mai gabatar da ƙara na Amurka a shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg. Abin dariya, a 1941 yana ministan shari'a shi ya kare Roosevelt da ya ƙwace wata masana'antar jirage a California, kuma lauyoyin gwamnati sun jefo masa kalamansa na wancan lokaci. Ya amsa cewa alƙali ba ya ɗaure kansa da abin da lauya ya faɗa don kare wanda yake wa aiki, ko da shi ne lauyan.

Alƙalin Alƙalai Fred Vinson, abokin kartar Truman, ya jagoranci ukun da suka saɓa. Ya jero alkawuran da Amurka ta ɗauka, daga NATO zuwa Koriya, da biliyoyin da Majalisa da kanta ta ware, ya ce ba zai yiwu a ɗora wa shugaba duk wannan kaya sannan a mai da shi ɗan aike ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Majalisa ta so a yi makamai, ta so a riƙe farashi, ta kuma ƙi ɗaukar alhakin abin da zai faru idan biyun suka ci karo.

Truman ya bi hukuncin nan take, ya umurci Sawyer ya maida masana'antun. A ranar ma'aikata suka fita. Ranar 10 ga Yuni ya je gaban Majalisa da kansa yana neman ikon da kotu ta ce ba shi da shi. Suka ce ya je ya yi amfani da Taft-Hartley, ya ƙi. Yajin ya ɗauki kwana 53. Masana'antun mota suka sallami ma'aikata, kuma a ƙarshen Yuli babbar masana'antar ƙera harsasan igwa ta soja ta tsaya saboda rashin ƙarfe. Ranar 24 ga Yuli Truman ya kira Murray da Benjamin Fairless na U.S. Steel zuwa ofishinsa, a ranar aka daidaita. Ma'aikata suka samu ƙarin santi 16 a awa da alawus na wajen santi biyar. Kamfanoni suka samu ƙarin dala 5.20 a tan, wanda bai yi nisa da dala 4.50 da gwamnati ta taya musu a asirce tun kafin ƙwacen ba. Layin daga a Koriya bai motsa ba. Ƙarfen da ke ajiye ya fi yadda aka faɗa wa shugaba yawa, duk da cewa kwamandoji irin su Janar Van Fleet sun yi ƙorafin ƙarancin harsasai, ƙorafin da ya girmi yajin.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin ranar da kotu ta ja wa shugaba linzami, kuma haka ne. Sai dai ina ganin ya kamata a duba inda aka ja layin. Shugaban da aka hana riƙe masana'anta na 'yan makonni, shi ne ya tura dubban ɗaruruwan matasa yaƙi a wata nahiya ba tare da ƙuri'ar Majalisa ba, yaƙin da ya ci Amurkawa fiye da 36,000 da Koriyawa da Sinawa miliyoyi kafin a tsagaita wuta ranar 27 ga Yulin 1953. Jackson ya hango abin, ya yi gargaɗi a kan shugaban da zai jefa soja a wata rigimar waje sannan ya fake da ita ya ƙara wa kansa iko a cikin gida, amma ya ce ba wannan tambayar ce a gabansu ba. Kamfanonin ƙarfe suna da lauyoyin da za su tashi alƙali da tsakar dare. Yaron da aka ɗauka soja daga gonar ubansa a Iowa ba shi da su. Hanyar da Truman ya buɗe a Yunin 1950 ita magadansa suka bi, kuma sai a 1973, bayan Biyetnam, Majalisa ta yi dokar iyakance tura soja, wadda shugabanni ke kewaye ta har yau.

Murray bai daɗe ba, ya rasu a Nuwamban 1952, kwanaki kaɗan bayan Eisenhower ya lashe zaɓe da alkawarin zuwa Koriya da kansa. An ɗage ƙayyade farashi da albashi a farkon 1953. Kasafin tsaro ya ɗan sauka amma bai sake komawa kusa da dala biliyan 13 ba. Dokar 8 ga Satumban 1950 tana nan da ranta, ana ta sabunta ta. Da ita aka tilasta ƙera na'urorin numfashi a lokacin korona a 2020. NSC-68 ta zauna a sirrance har 1975. Dokar ta-ɓacin da Truman ya ayyana a Disamban 1950 kuwa, saboda sojojin Sin sun tsallako kogin Yalu, ba ta daina aiki ba sai a Satumban 1978.